Daga Salaga Zuwa Shagamu: Yadda Kakanninmu Suka Koyi Zama a Kurmi



Ana saura kwana uku Babbar Sallah, Baba ya ce in raka shi wata gona a hanyar Hatta mu duba rago. Ni da na yi shekara goma sha biyu ina cin jarrabawar Larabci a makaranta, na shiga mota ina ganin yau ni zan yi wa tsoho tafinta. Mai gonar wani dattijo ne ɗan ƙasa, da farin gemu da 'yar siririyar sandarsa. Da ya buɗe baki, wallahi ko sulusin maganarsa ban kama ba. Kazar da na sani da dajaj, a bakinsa ta koma diyay. Kifi, wato samak, ya zama simach. Ya zuba mini gahawa na shanye, ya ƙara na shanye, ya sake ƙarawa, don ba wanda ya taɓa gaya mini cewa girgiza ɗan kofin ake yi in an ƙoshi. Baba kuwa, wanda Larabcinsa na kasuwar Deira ne, ba nahawu ba komai, sai ga shi sun zauna suna ta gaisawa, ana tambayar labari, ana tambayar iyali da dabbobi, har da ruwan saman da ba a yi ba. Sai da aka gama duk wannan sannan aka ambaci rago. Kuma an yi mana ragi.

A hanyar dawowa Baba yana ta yi mini dariya. Ya ce, "Kai karatu ka iya, ba gaisuwa ba. Haka kakanka ya sha fama a ƙauyukan Remo lokacin da yake yaron goro." Wannan maganar ce ta sa na shiga tone-tone, kuma abin da na tarar ya fi ƙarfin labarin gidanmu kaɗai.

Mu da aka haifa a nan, in an ce Kudu, Legas kawai muke hangowa da filin jirginta. Mutanen da kuwa Kurmi suke cewa, wato ƙasar manyan itatuwa da ruwan sama, inda rana ba ta cika taɓa ƙasa ba, inda jaki da doki ba sa daɗewa saboda ƙudan tsando. Abin da ya kai Bahaushe can shi ne goro. Ba ya fitowa a ƙasarmu, amma ba a ɗaurin aure ko suna sai da shi. Littafin tarihin sarakunan Kano ya nuna tun zamanin Sarki Abdullahi Burja, a ƙarni na 15, aka buɗe hanya zuwa Gwanja, a arewacin Ghana ta yau. Zuwa ƙarni na 19 harkar ta zama ta wasu zuriyoyi sanannu: Agalawa, Tokarawa da Kambarin Barebari. Ayari yakan tashi daga Kano ƙarƙashin madugu, da jagaba a gaba, a haye Kwara ta wajen Yawuri, a ratsa Bargu, a bi ta Sansanin Mango da Yendi har Salaga. Su kai kanwa da fatu da rinannun tufafi da dabbobi, su dawo da goro. Kada mu yi wa tarihi kwalliya, Salaga babbar kasuwar bayi ce, kuma fatakenmu suna cikin masu cinikin.

Abin da ya ba ni mamaki shi ne, a mafi yawan wancan zamani fataken ba sa shiga kurmin kansa. Sarakunan Asante, waɗanda Hausawa ke kira Tonawa, sun fi son baƙo ya tsaya a Salaga a kawo masa goro can. A Salaga kuwa Hausa ce harshen kasuwa, akwai masallatai, akwai malamai, akwai mai masauki. Mutum zai yi tafiyar watanni ya dawo bai koyi kalma goma ta Tonawa ba.

Turawa ne suka wargaza wannan tsari. A 1874 sojojin Ingila suka ƙone Kumasi, ƙarfin Asante a kan arewa ya karye, goro ya fara kauce wa Salaga. A 1892 yaƙin basasa ya tashi a Salaga kanta, mutanen zango suka watse, wasu Kete-Krachi, wasu Kintampo, wasu har Ankara a bakin teku. Cikin waɗanda suka koma Kete-Krachi akwai Alhaji Umaru, malamin nan haifaffen Kano da ya bar rubuce-rubuce masu yawa da Hausa da Larabci, ya rasu a can a 1934. Bayan Ingilishi sun mamaye Kumasi a 1896, ƙofar kurmi ta buɗe. Daga nan ne Bahaushe ya fara zama baƙo na gaske, yana shiga ƙauye da ƙafarsa yana neman goro a hannun manomi, inda ba mai jin "sannu".

Kowa ya bar wa ɗan uwansa wani abu. Yau in ka je Ghana za a sayar maka da waakye, wanda ba komai ba ne illa shinkafa da wakenmu, da tuo zaafi, da koko da koose. Unguwar baƙi a kowane gari sunanta zongo. Amma Hausar ma ta biya nata kuɗin. 'Ya'yan zango, waɗanda iyayensu mata da yawa ba Hausawa ba ne, sun tashi da wata Hausa da ba ta bambanta namiji da mace, za ka ji an ce "yarinya ya zo", kuma ƙ da ɗ sun narke sun koma k da d. Na san wasunmu suna dariya in sun ji Hausar Ghana. To kafin ka yi dariya, ɗauki muryar ƙanwarka a waya lokacin da take yi wa Hajiya bayani, ka ƙirga kalmomin Turanci.

Akwai mutum ɗaya da rayuwarsa ta haɗa tsohuwar hanya da sabuwa, wato Alhassan Ɗantata. Ba'agale ne, an haife shi a Bebeji a 1877, mahaifiyarsa ta zauna a Ankara, shi ma ya yi fataucin goro a can, yana cikin waɗanda suka fara ɗora shi a jirgin ruwa zuwa Legas maimakon wahalar jakuna. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 sai ya koma harkar gyaɗa, sauran labarin kun san shi. Ɗansa Alhaji Aminu a nan Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ya rasu a 2025, aka kai shi Madina.

Wannan jirgin ƙasa shi ya sauya wa goro gida. Yarabawa suna da nasu tun asali, wanda suke kira abata, mai ɓari uku ko huɗu, na al'ada da bukukuwa. Amma wanda Bahaushe ke ci shi ne mai ɓari biyu. Da manoman Agege da Ota da Ifo da Remo suka ga jirgi na iya kai kaya Kano cikin 'yan kwanaki, sai suka shiga dasa irin da kasuwar arewa ke so. Ko kun san sunan da suka ba shi? Gbanja. Gwanjarmu ce ta shiga bakin Bayarabe. Su kuma suna kiran Bahaushe Gambari, sunan da masana ke dangantawa da Kambarin Barebari da suka fara yi musu fatauci. Cikin 'yan shekarun da suka biyo baya goron ƙasar Yarabawa ya ture na Gwanja a kasuwannin arewa, unguwannin Sabo suka tsiro a bakin tashoshi da kasuwanni. Na Ibadan an kafa shi a 1916.

Kakana ya sauka Shagamu yana saurayi, kafin a ba da mulkin kai. Shagamu ba tsohon gari ba ne can-can, a 1872 ne garuruwan Remo suka haɗu wuri ɗaya don tsaro, sarkinsu shi ne Akarigbo. Tsarin da ya tarar shi ne na mai gida. Baƙo zai sauka a gidan wani babban Bahaushe a Sabo, ya ba shi wurin kwana da abinci, ya tsaya masa, ya ba shi kuɗi ya tura shi ƙauye sayen goro. Manyan suna zaune a Sabo. Yaran ne ke shiga daji, kuma su ne suka sha wuyar harshe.

Wuyar farko murya ce. Mu ma Hausa muna da hawa da saukar murya, amma Yarabanci matakai uku gare shi, kuma ba ya yafiya. Ɗauki kalmar oko, da wasalin da ake buɗe baki. In ka ɗaga ƙarshenta fartanya ce, in ka sauke shi mota ce ko jirgin ruwa, in ka bar shi a tsakiya miji ne. Ka yi tunanin saurayi ɗan Kano yana tambayar matar aure ina motar take. Akwai ma wata 'yar uwar kalmar da ba zan rubuta a nan ba, don na san iyaye na leƙo wannan shafin. Wuya ta biyu, ɗan abin da ya tsinta a tashar Ibadan Yarabancin Oyo ne, na littafi da rediyo. A ƙauyen Remo kuwa karin harshensu ɗan uwan na Ijebu ne, wanda shi kansa mutumin Oyo sai ya kasa kunne. Daidai abin da ya same ni a Hatta ke nan, ka zo da harshen makaranta ka tarar da na gona.

Sai lissafi. Mu mukan ce ashirin ba ɗaya ko ashirin biyu babu, to su Yarabawa sun mayar da wannan ragewar tsarin ƙirga gaba ɗaya. Sha biyar a wurinsu ashirin ce ba biyar. Arba'in da biyar kuwa sai ka ɗauki ashirin uku, ka cire goma, ka sake cire biyar. Yaron da ke sayen goro ƙwarya-ƙwarya, kowace ƙwarya ɗari, da kuɗin da ba nasa ba, in bai iya wannan da ka ba ya shiga uku. Kasuwannin ƙauye kuma ba ranar mako suke bi ba kamar namu na Laraba ko Juma'a, zagayowa suke yi duk kwana biyar a ƙirgarsu, sai ka riƙe lissafin a kanka.

Kuma da mata zai yi ciniki. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga wanda ya taso inda matan aure ke cikin kulle. Matan Yarabawa ne ke sayen goro a hannun manoma, su fasa kwanson, su jiƙa, su cire farar fatar, su wanke, su kawo kasuwa. Su ke yanka farashi, kuma ba sa jin kunyar ɗaga murya. Baba ya ce Kaka yakan ce watansa na farko ya ɗauka kullum faɗa ake yi da shi, ashe ciniki ne kawai. Daga hannunsu sai a zaɓe, a ware fari da ja, marsa da minu, a duba wanda sankara ta taɓa, a shimfiɗa ganyen fita a ɗaure huhu. Goro ɗan lallaɓa ne, in ya bushe ya tashi daga aiki, in ya jiƙe da yawa ya ruɓe, shi ya sa amana da sauri suka zama jarin harkar.

Inda Bahaushe ya samu sauƙi shi ne gaisuwa, domin ya tarar da mutanen da suka fi shi yawanta. Muna da sannu da aiki, sannu da zuwa, sannu da rana, su kuma suna da e ku kaza ga kusan kowane hali da ɗan Adam zai shiga, na zaune da na tsaye da mai ciniki da wanda aka daɗe ba a gani ba. Babba ba a ce masa "kai", da jam'i ake yi masa magana, kamar yadda muke ce wa iyaye "ku". Amma akwai inda aka tsaya. Saurayin Bayarabe kwanciya yake yi rub da ciki a gaban dattijo, mace ta durƙusa. Yaran goro da yawa sun ga wannan kwanciyar ta yi kama da sujada, sai suka tsaya a kan tsugunon da suka saba da shi a gida, suka cire takalmi, suka sunkuyar da kai. Dattawan ƙauye suka karɓa a haka. A ganina wannan shi ne gwanintar mutanen, sun gane abin da mai gari ke nema girmamawa ce, suka biya shi da irin kuɗin da ke aljihunsu.

Abinci ma haka. Wanda ya saba da tuwon dawa da miyar kuka ya koyi cin teba da amala da manja. Kalmomi suka biyo jirgi zuwa arewa har muka manta baƙi ne: ashana, akwati, agogo, agushi, oga, duk daga bakin Yarabawa muka same su.

To amma akwai ɗaya gefen. Wani masanin zamantakewa, Abner Cohen, ya zauna a Sabon Ibadan a 1962 zuwa 1963, littafinsa ya fito a 1969. Abin da ya gani shi ne, maimakon Hausawan Sabo su narke cikin gari, sai suka ƙara riƙe Hausancinsu, wani lokaci fiye da na gida. Dalilin ba son al'ada kawai ba ne. Shanu na zuwa daga arewa, dole a sayar da su da wuri kuma bashi, goro na tafiya arewa a hannun mutanen da ba a rubuta komai da su ba. Abin da ke riƙe da wannan duka shi ne kowa ya san kowa, harshe ɗaya, sarki ɗaya, malamai ɗaya. A farkon shekarun 1950 mutanen Sabo suka rungumi Tijjaniyya da yawansu, suka ware masallacin Juma'arsu daban da na Musulmin Yarabawa. Katangar ta kare kasuwa, ba shakka. Sai dai mutum yana iya shekara talatin a bayanta bai san abin da ke gudana a unguwar da ke kallonsa ba.

Ranar da zama ya ɓaci, ba a tambayar shekarun da ka yi. A Nuwamban 1969 gwamnatin Busia a Ghana ta ba baƙin da ba su da takarda mako biyu su fice, aka ga mutanen da a zango aka haife su suna hawa manyan motoci zuwa ƙasar da ba su taɓa gani ba. A Shagamu kuwa abin ya zo a Yulin 1999, kan bikin Oro. Oro al'ada ce ta dare wadda aka haramta wa mata gani, in za a fito ana sanarwa kowace mace ta kulle ƙofa. Shekara da shekaru ana zaune da wannan, mutanen Sabo sun san lokacinsa, shugabanni na sanar da juna. A wannan karon aka ce an ga wata Bahaushiya a waje, aka kashe ta, gari ya kama da wuta. Gomman mutane suka mutu daga ɓangarorin biyu, aka ƙone gidaje da shaguna. Da gawarwaki da 'yan gudun hijira suka isa Kano, aka huce a kan Yarabawan da ba su ji ba ba su gani ba, waɗanda su ma wasunsu a Kano aka haife su, Hausarsu ta fi tawa. Ba wata al'ada da ta kai ran mutum, wannan ba abin muhawara ba ne. Amma abin da ke ci mini rai shi ne zaman kusan shekara ɗari, da auratayya da bashi da gaisuwar safe, bai hana kwana biyu na hauka ba.

Kaka yana cikin waɗanda suka koma Kano a wannan shekarar. Wata dattijuwa da ya yi shekaru yana sayen goro a hannunta ce ta ɓoye shi da yaransa biyu a ɗakin ajiyarta, cikin kwanduna, har ƙura ta lafa. A Sabo akwai attajiran da suka fi shi komai, amma shi ne ya san hanyar gidanta, shi ne ya iya kiranta iya da muryar da ta dace.

In na juyo gare mu, sai in ga namu zaman ya bambanta ta wata fuska mai ban tsoro. Su suna da zango da sarkinsa da filin da aka yanka musu. Mu muna da gidajen haya a Deira da Sharja da Ajman, da takardar zama mai ranar ƙarewa, kuma haihuwa a nan ba ta sa ka zama ɗan ƙasa. Mun ga ɗan samfuri a 2022, da aka dakatar da ba 'yan Najeriya biza kuma Emirates ta daina zuwa, sai a 2024 abubuwa suka dawo. Iyalai nawa ne suka rabu biyu a tsakanin? Sannan 'yan ƙasa ba su fi kusan ɗaya cikin goma na mazauna ba, don haka kana iya girma a Dubai da Turanci da ɗan "mafi mushkila" na direbobin tasi, ba ka taɓa zama a majalisar ɗan ƙasa ba. Mun gina namu Sabon, amma da Turanci muka gina shi, ba mu riƙe Hausar da kyau ba, ba mu kuma kama harshen masu gari ba. Iyayenmu da muke yi wa dariyar Larabcin kasuwa sun fi mu kusa da yaran goro.

Na tambayi Baba ko Kaka ya ci gaba da Yarabanci bayan ya koma Kano. Ya ce har ya rasu, in yana ƙirga kuɗi a shagonsa, leɓensa da Yarabanci yake motsi, kuma duk Bayaraben da ya shigo sai ya tambaye shi ɗan wane gari ne. In ya ce Remo, to ranar ba sauran ciniki, sai a aika yaro ya sayo lemo.